Inkiyar Baba a Teburin Poka

São Paulo, Maris 2007

Jurandir ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida Cida da yara. Yaya gwiwar Baba? Ka ce masa man da ke cikin ƙunshin nan na shafawa ne, kada ya ajiye shi a saman kabad yana jiran ranar da ciwon zai cancanta. Ni lafiyata ƙalau, muryata ce kawai ta dishe, kuma a layinmu na masu rumfa wannan alamar ciniki ce.

Cukun da ka ba Tonho direba ya iso, gefe guda da shaidar wuƙa. Na karɓa haka nan. Mutumin da ke ɗaukar mana saƙo kyauta daga jiharmu ta Minas zuwa nan, ai ya ci gefen cuku.

A ƙasan kayan za ka ga wani akwatin ƙarfe. Karta ce a ciki da ƙwandalolin roba, na wasan da ake kira poka. Garin nan ya haukace a kansa. Tun da aka fara nuna shi a talabijin, lauya da ɗan tasi da ɗalibi kowa ya sayi baƙin tabarau ya murtuke fuska kamar an aiko masa da rasuwa. In na sauke katan da safe, kafin in ci abincin rana ya ƙare. Jiya wani ya zo da matarsa, tana zaginsa yana biya. Maƙwabcina mai agogo ya tsaya yana nazari har mako biyu, kafin ya gama nazarin na kwashe masa mutane. A irin wannan abu, wanda ya riga shiga shi ne ke cin kasuwar.

Kyauta na ba ka. Ka ajiye a shago, in samari sun gaji da kallon ƙwallo su taɓa. Takardar dokokin na cikin murfin.

Ka ce wa Baba da Kawu Belmiro har nan nake jin ihunsu na kartar truko in iska ta juyo. Su rage wa teburin nan duka, ya girme ni.

Yayarka,
Zuleide

Capim Seco, Afrilu

Yaya Zuleide,

Muna lafiya, Cida na gaishe ki. Man ya yi wa gwiwar amfani. Ban kira ki a waya ba don kin san wayar shago, a kan kanta take, duk wanda ya zo sayen ashana sai ya tafi da labarinmu.

Na bi shawararki. Kin ce wanda ya riga shiga shi ke cin kasuwa, to na shiga. Na sa kafinta ya yi mini dogon tebur, Cida ta shimfiɗa masa koren ƙyalle. Akwai wani likitan haƙori daga garin gaba, Dokta Hélcio, ya ji labari ya zo da abokansa. Yanzu duk Asabar motoci har ƙofar kantin magani. Yaya, naman da na soya cikin watan nan ban soya shi a duk bara ba. Kin san yadda muke a da: tsofaffi huɗu, kwalbar giya ɗaya, ihu daga rana har faɗuwarta, sannan su yi gardamar wanda zai biya.

Sai dai wuri bai isa tebur biyu ba. Na kai na truko bayan shago, ƙarƙashin mangwaro. Akwai inuwa, na kai musu kujeru masu kyau. Baba ya leƙa sau ɗaya, ya ce shi ba kaza ba ne da za a watsa masa tsaba a bayan shago. Tun ranar bai taka shagon ba. Yana zaune a ɗaki da rediyo. Cida ta ce yana mayar da rabin wake da shinkafarsa, amma kin san Baba da fushi, zai huce.

Abin da nake so ki gaya mini, ke da ke ganin kasuwa da idonki: abin nan zai ɗore? In zai ɗore, zan fasa bangon ɗakin ajiya in sa tebur na biyu.

Ƙanenki,
Jurandir

São Paulo, Afrilu

Jurandir,

Lafiyata ƙalau, na gode da ba ka tambaya ba. Ka gaida Cida, ka ce mata na ji maganar waken, kuma ita na yarda da ita.

Wace shawara na ba ka? Na ba ka labarin rumfata, ka ɗauka ka auna da shagon ubanka. Ni kaya nake sayarwa, ɗan uwana. In poka ya mutu gobe, jibi ka tarar da ni da laima da safa, babu wanda zai ga hawayena. Kai kuwa ka ɗauki teburin da mutum ya zauna a kansa tun kafin a haife ka, ka kai shi inda ake shanya.

Kana tambaya ko zai ɗore. Na sayar da 'yar dabbar lantarkin nan da yara ke ratayawa a wuya suna ba ta abinci. Iyaye har dambe suka yi a gabana, bayan wata shida ko kyauta ba mai karɓa, har yau akwai buhu guda ƙarƙashin gadona. Na ga gidajen cacar bingo da fitilu kamar fadar sarki, na kuma ga an garƙame su. Amma da wayar hannu ta fito ni ce na ce wasan masu kuɗi ne, zai wuce, ga shi yau mai tura baro na da biyu. Saboda haka ban sani ba. Wanda duk ya ce maka ya sani, duba hannunsa, akwai abin da yake sayarwa.

Abin da na sani shi ne Baba. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da mota. Yana da kujerarsa a shagon, yana da kwandon baikon da yake zagayawa da shi a coci duk Lahadi, yana da sunan da ko mai gaba da shi bai taɓa jingina masa satar ƙwandala ba. Tun da Mama ta rasu, abin da ke tashinsa daga gado ke nan. Ka cire ɗaya ka ce zai huce.

Kada ka taɓa bangon nan. Ka mayar da Baba cikin shagonsa, ta kowace hanya ka ga dama. Ba na son jin wani labari kafin wannan.

Zuleide

Capim Seco, Mayu

Yaya,

Gaisuwa daga gida duka. Wannan karon labari mai daɗi ne, sai ki sauke murya.

Kin ce in mayar da shi ta kowace hanya, na mayar. Na je wurin Kawu Belmiro na ce masa likitan nan ya ce tsofaffin Capim Seco ba za su iya poka ba, wasan masu ƙwaƙwalwa ne. Likita bai faɗa ba, amma ya yi kama da mai faɗa. Washegari sai ga su su biyu, Baba da hularsa ta zuwa coci. Na zaunar da su na karanta musu takardar cikin murfi: wace karta ta fi wace, yaushe ake ƙari, yaushe ake janyewa. Baba ya ce, "Shi ke nan? Ba ihu?" Na ce ba ihu. Ya ce, "Wasan marasa lafiya ne, amma raba mu gani."

Yaya, suna ci. Asabar uku ke nan. In Baba bai kwashe ba, Kawu ya kwashe. Dokta ya sayo wani littafi na koyon wasan, ya zo da tabarau, duk da haka Baba ya tashi da tulin ƙwandaloli a gabansa yana tambayarsa ko littafin na da hotuna. Yana cin abinci har da ƙari. Fuskarsa ta dawo da rai, har wannan kashe idon nasa da ɗaga girar, kamar da.

Ranar Lahadin bikin waliyyi Santo Antônio za mu yi babbar gasa da rana. Dokta ya gayyato mutane daga garuruwa uku. Wanda ya ci zai tafi da ɗan maraƙi, wani mai gonar kofi ne ya bayar. Baba ya riga ya sa wa maraƙin suna.

Kin ga, ba sai an zaɓi ɗaya ba. Ga Baba, ga poka.

Jurandir

São Paulo, ƙarshen Mayu

Jurandir,

Ina fata kuna lafiya. Ka karanta wannan kai kaɗai, ka karanta har ƙarshe.

Na ji daɗin abincin da Baba ke ci. Amma layi ɗaya a takardarka ya hana ni sakewa: kashe ido da ɗaga gira. A kan cinyar mutumin nan na koyi truko. Baba ba ya kashe ido don nishaɗi. In ya kashe ido, babbar karta ce a hannunsa. In ya ɗaga gira, mai bi mata ce. In ya kumbura kunci, ta uku ce. In ya ɗaga kafaɗa, ba shi da komai. Kuma duk duniya mutum ɗaya yake yi wa, Kawu Belmiro, shekara arba'in suna zaune fuska da fuska.

A truko biyu-biyu ake yi, inkiya ita ce rabin wasan, wanda ya iya ta shi ne gwani. A poka kowa kansa yake yi wa. Mutum biyu su riƙa sanar da juna abin da ke hannunsu, ɗaya ya janye wa ɗaya, ko su matse na uku a tsakiya, sunan wannan maguɗi. A nan wani kulob da ke sayen kaya wurina sun kama samari biyu da haka, sun fitar da su ta ƙofar baya, ɗaya bai sake tauna da gefen dama ba.

Na duba takardar cikin murfin, irinta na nan cike da rumfata. Ba ta ce kada a yi inkiya ba. Wanda ya rubuta ta bai san akwai Minas a duniya ba. Ke nan Baba bai sani ba, Kawu bai sani ba, a wurinsu karta suke yi yadda Allah ya halicce ta. Kai ne kaɗai za ka gaya musu.

Ka zaunar da su kafin bikin. Ko dai su daina, in za su iya, ko ka raba su tebur, ko su haƙura da gasar. Likitan nan ma ɗan Minas ne. Littafi ya rufe masa ido, ran da ya ɗaga kai ya kalli fuskar Baba zai tuna kakansa.

Ba faɗa da pokarka nake yi ba. Ka ba Tonho amsa a wannan zuwan.

Zuleide

São Paulo, Yuni

Jurandir,

Ina gaisuwa, in akwai mai amsawa. Tonho ya zo sau biyu hannu wofi. Ya rantse a hannunka ya sa takardata, kana soya nama ka tura ta aljihu.

Na kira shago. Karon farko kai ka ɗauka, ina cewa "maganar Baba da Kawu" ka ce, "Yaya, mutane sun cika, na ga takardarki," ka ajiye. Karo na biyu Baba ya ɗauka. Ka san kunnensa da waya. Na tsaya a tsakiyar layi ina ihu, "Baba, ban da inkiya," masu rumfa suna kallona, shi kuwa yana ba ni labarin maraƙi. Ya ce zai sa a yanka in na zo Kirsimeti. Ya ce, "'Yata, ashe tsufa bai cinye ni duka ba." Sannan ya ce kuɗin waya na tafiya, ya yi mini addu'a ya ajiye.

Na so in hau mota in zo. Makon bikin ne, rumfa ba ta da mai tsaro, na ce wa kaina ai Jurandir ba yaro ba ne, ya karanta. Yanzu bikin ya wuce da kwanaki. Tonho ya ce bai san komai ba, amma ya faɗa yana kallon tayar motarsa, kuma bai nemi kofi ba.

Ko mene ne, ka rubuto. Shirun ya fi mini muni.

Zuleide

Capim Seco, ƙarshen Yuni

Yaya,

Ba wanda ya ji rauni, in fara da wannan. Jikin kowa lafiya.

Na karanta takardarki tun ranar. Na ce a raina Yaya ba ta son wasan ne tun farko, ta samo sabuwar hanya. Sannan na tsaya na kalle su ranar Asabar, na ga abin da kika faɗa. Na ce bari biki ya wuce, kada in ɓata masa rai yanzu da yake cin abinci.

Ranar gasar shago ya cika har titi, ana gasa masara a ƙofa. Aka yi ta faɗuwa har saura mutum huɗu: Baba, Kawu, Dokta, da wani saurayi baƙo. Aka raba. Baba ya duba kartarsa ya kashe ido. Kawu ya yi ƙari, Dokta ya bi, Baba ya ƙara a kai, Kawu ya janye. Sai Dokta ya kife kartarsa ya cire tabarau. Ya miƙe a gaban kowa ya kashe ido, ya ɗaga gira, ya kumbura kunci, ɗaya bayan ɗaya. Ya kalli Baba ya ce, "Ni ma a Minas aka yanke mini cibiya, Dattijo Otacílio."

Baba ya yi dariya har da buga tebur. Kin san a truko in abokin hamayya ya kama inkiyarka, gwanintarsa ce. Ya ce, "Ka kama ni, Dokta, ashe idon na aiki. Zauna mu ƙarasa."

Ba wanda ya taya shi dariyar. Dokta ya ce, "Wata biyu ɓarayi biyu masu furfura suna yashe mu, yana ce mini in zauna."

Baba ya ce, "Wa ye ɓarawo?"

"Kai da abokinka."

Saurayin ya tashi da kujera a hannu, mutane suka riƙe shi. Baba bai ko kalle shi ba. Ni ya juyo ya kalla, ya ce, "Jurandir, me mutumin nan yake faɗa?" Yaya, ina riƙe da kofi ina gogewa. Na ci gaba da gogewa.

Ya tura ƙwandalolin gabansa tsakiyar tebur, ya zazzage aljihunsa a kai, ya fita. Hularsa na nan a rataye.

Yanzu yara na kashe masa ido a hanya. Ranar Lahadi dattawan coci suka ce ya huta da zagayawa da kwando saboda gwiwarsa. Kawu ya tafi wurin 'yarsa a ƙauye. Baba ba ya yi mini magana.

Dokta ya dawo shi kaɗai. Ya ce ba ya son rigima, gidan ya yi masa. In na tsaya ranar Asabar na sanar cewa an kori mutum biyu saboda maguɗi, gida bai sani ba, wasa zai ci gaba, har ya kawo gasa duk wata. In ban yi ba, su koma otal ɗin garinsu. Ya ce Baba ai ba ya zuwa dama, me za a rasa?

Na riga na fasa bangon, Yaya. Ban gaya miki ba. Me zan yi?

Jurandir

São Paulo, Yuli

Ƙanena,

Na gode wa Allah da ba a zubar da jini ba. Ka gaida Cida, na san ita ke ɗauke da gidan yanzu. Ba zan zage ka ba. Ni ma ina da kuɗin mota ranar, na zaɓi rumfa.

Tun Afrilu kake tambayata ko abin zai ɗore, ina zillewa. Yau zan ba ka amsa, don kada wata rana ka ce na rufe ka. Zai ɗore. Masu sayen akwati na farko sun dawo sayen na biyu, kuma a kasuwa wannan ce shaidar, ba layin ranar farko ba. Mata sun fara saye. Yara na yi a kwamfuta da mutanen da ba su taɓa gani ba. Wasa ne da aka yi wa mutanen da ba su san fuskar juna ba, irinsu kuwa kullum ƙaruwa suke. Ko hayaniyar ta lafa, teburin zai zauna. Likita ba ƙarya yake maka ba, akwai abinci a ciki na shekaru.

To ga farashinsa. Ka tsaya a shagon da Otacílio ya gina, ka ce Otacílio ɓarawo ne. Likita ya ce me za a rasa. Shi haƙori ya sani, in ya ruɓe a cire.

Na iya ciniki, na juya maganar nan ta kowane gefe ina neman inda za ka ci biyu. Babu. Mutanen gari sun san inkiya, abin da ba su sani ba shi ne ko Baba ya san an hana. Mutum ɗaya ne zai iya cewa, "Ni na koya masa, ban gaya masa ba, na gani na yi shiru." Ran da ka faɗi haka sunan Baba ya wanku, kuma babu ɗan poka da zai sake zama a gidan da mai gida ya gani ya yi shiru. Na sani. Ba arha nake ce maka ba.

In ka zaɓi haka, kada ka yi a shago, a can baƙi ne. Ka yi a matakalar coci bayan an tashi, inda waɗanda suka karɓe kwandon suke. Kada ka yi dogon bayani, mai dogon bayani kamar mai ɓoye wani abu yake. Kada ka zagi likita, an cuce shi da gaske ko da ba da niyya ba.

Kai shekararka arba'in da ɗaya, kana iya sake gini. Baba na da saba'in da huɗu. Bangon da ka fasa, zan aiko da abin da zan iya.

Ba zan kira ba. Ina jiran Tonho.

Yayarka,
Zuleide

Capim Seco, Agusta

Yaya Zuleide,

Muna lafiya. Ki yafe jinkirin, sai da na bar Lahadi biyu suka wuce ina zuwa matakalar ina dawowa. Ga akwatinki na mayar, ƙwandala ɗaya ta ɓata. Cukun ciki biyu ne, ɗaya na Tonho, don naki ya iso da gefensa.

Lahadi ta uku na tsaya. Na faɗa yadda kika ce, gajere. Wata tsohuwa ta ce in ɗaga murya, ba ta ji, sai da na maimaita duka. Mai kantin magani ya ce, "Wato ka bar ubanka ya shiga rami kana kallo." Na ce haka ne. Ba wanda ya tafa mini. Baba na tsaye a gefe, ya juya ya tafi gida.

Na je har garin Dokta na gaya masa da bakina. Ya saurara, ya ce ya yarda tsohon bai sani ba, zai kuma faɗa wa mutanensa, amma ba zai iya dawo da su ba. Sun koma otal. An ce yanzu tebur huɗu suke yi. Duk Asabar motocin na wucewa ta ƙofata ba sa rage gudu. Kin yi gaskiya, zai ɗore.

Dattawan coci sun kai wa Baba kwandon har gida. Ya ce musu ai gwiwarsa na ciwo, su sake tambayarsa wata mai zuwa. Kawu Belmiro ya dawo, amma ya ce hannunsa bai shirya taɓa karta ba tukuna.

Na shigo da teburin truko, ruwan mangwaro ya ɓata masa gefe. Cida ta yi labule da koren ƙyallen, ta rufe inda na fasa. Kwana da kwanaki teburin na nan ba kowa. Baba bai ce mini ko sannu ba.

Asabar da ta wuce da yamma sai ga shi. Ya ɗauki hularsa daga ƙusa ya sa, ya zauna a kujerarsa. Tsofaffi biyu suka biyo shi. Kujerar Kawu ba kowa. Baba ya ce wa Cida, ba ni ba, "Ki ce wa mai shagon muna neman na huɗu."

Na zauna a gabansa. Aka raba, kartata ba ta da ko ɗaya mai amfani. Na ɗaga kai, sai ya kalle ni ya kashe ido. Na tsaya. Ya sake kashewa, a hankali, yadda ake yi wa yaro. Na buga tebur na yi ihun truko, ihun ƙari, da abin da ya rage mini na murya, tsofaffin biyu suka karɓa. Baba ya zaro babbar kartar, ya lasa, ya manna a goshinsa, ya miƙe tsaye yana juyawa kowa ya gani.

Da ya zauna yana tattara karta, bai kalle ni ba ya ce, "Ka gani? Ni in ina riƙe da abu, ina sanar da nawa."

Sannan ya ce in kawo giya ɗaya da kofi huɗu.

Ƙanenki,
Jurandir